Gwamnati da Raya Masana'antu: Darasi daga Audugar Zurmi da Ƙauran Namoda

Ƙasar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Zurmi ta gabas, ta kuma miƙa Shinkafi ta arewa, ta yi shekara wajen hamsin tana ciyar da injunan saƙa da auduga, da fari na Ingila, daga baya na Kaduna da Gusau. Gyaɗarta kuwa ta sha cika taragu a tashar Ƙaura, inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. A yau galibin masaƙun nan sun rufe, jirgin ya daɗe da daina kwasar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku, yadin da a ke sayarwa a kasuwannin wannan yanki kuwa yawancinsa daga Asiya ya ke zuwa. Tambayar da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: tun da gwamnati da kanta ta ɗauki nauyin kafa masana'antu, ta zuba dukiya, ta ba su kariya, me ya sa ƙwarewar ba ta zauna ba? Amsar ta shafi kowane saurayi na Zurmi da ya tashi bai tarar da sana'ar kakansa ba, bai kuma sami wadda za ta maye gurbinta ba.

Ma'anar kalmomi

Ya kamata mu fara daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Sana'a kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa. Daga gare ta aka gina masana'anta, bisa ƙa'idar da ta ba mu marina da majema da maƙera, watau wurin da a ke yin abu. Masaƙa kuwa tsohuwar kalma ce, wurin da masaƙi ya ke zama, sai aka faɗaɗa ta har ta ɗauki ginin da ya ke da injuna ɗaruruwa. Fasaha a asalinta na Larabci iya magana ce, amma Bahaushe ya mai da ita gwaninta a kowane aiki, har yanzu ta zama sunan sanin yadda a ke ƙera abu da sarrafa shi.

Abin da mu ke nufi da manufar raya masana'antu shi ne gwamnati ta zaɓi waɗansu sana'o'i ta ce su za a ɗaukaka, sa'an nan ta bi su da abubuwa huɗu: jari, ko nata ko rance mai sauƙi, kariya, watau ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan irin kayan da su ke shigowa daga waje, ko ta hana shigowarsu, rangwamen haraji, da kuma abubuwan da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba, kamar hanya da lantarki da makarantar koyon aiki. Hujjar yin haka ita ce sabuwar masana'anta kamar jariri ce, ba ta iya kokawa da ƙattin da suka riga ta shekara ɗari, sai an goya ta har ta yi ƙwari. Wannan hujja tana da ƙarfi. Amma goyo yana da ranar saukewa, kuma a nan ne ƙasashe suka bambanta.

Abin da Turawa suka tarar

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da sana'ar tufafi cikakkiya, tun daga gona har jikin mai sawa. Auduga, wadda mutanen Zamfara da Sakkwato su ke ce wa kaɗa, mata ne su ke gurje ta da magurji su fid da angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari, ta fito abawa ko arafiya. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna da allera da masefi da ƙoshiya da kwarkwaro. In ƙyalle ya fito a kai shi marina a tsoma cikin baba, daga nan sai mabuga. Sa'ad da Bature matafiyi Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da a ke saƙawa a rina a can suna kai wa har Tambutu da ƙetaren Sahara.

Abin lura a nan shi ne, duk kayan aikin da muka lissafa a gida a ke yin su. In mazari ya karye ko ƙoshiya ta tsage, maƙeri da masassaƙi suna nan kusa. Mai aiki ya san kayan aikinsa ciki da waje, yana iya gyara su, yana iya sauya su yadda za su fi yi masa daɗi. Raunin wannan sana'a ɗaya ne, jinkiri. Zaren da mace za ta yi kwanaki tana kaɗawa, inji ya kan fitar da shi kafin a sha ruwa. Saboda haka da akoko da alawayyo na Ingila suka cika kasuwa da araha, sai saƙar gida ta fara ja da baya.

Jirgi da gidan gurza

A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar neman auduga a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, watau BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mai da Bisije. Suka sa rai ƙwarai a kan Nijeriya ta Arewa. Da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, suna jiran taragu su cika da auduga, sai ga su sun cika da gyaɗa. Dalili kuwa, masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta kamfani, gyaɗa kuma ta fi kawo wa manomi kuɗin haraji, in ma ba ta sayu ba ya ci abarsa.

Sai Gwamnati ta sa hannu. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka mai dogon gashi, wanda a ke kira Allen. Aka riƙa raba angurya kyauta ta hannun En'e da hakimai da dagatai. Aka keɓe kasuwannin auduga, inda malamin auduga zai duba ya ba ta lamba kafin a ɗora a sikeli. Gonar gwaji ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ta ɗauki aikin tace iri. Bisije ta gina gidajen gurza a Zariya, daga baya a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Mayanci. A 1929 reshen hanyar jirgi da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda. Nan da nan Ƙaura ta zama matattara. Kamfanonin Turawa da Kwara suka buɗe kantuna, raƙuma da jakuna suka riƙa sauke kaya daga Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa. Fadamun Shinkafi kuma daga baya suka shiga noman taba, wadda kamfanin taba ya riƙa saye yana kai wa ma'aikatarsa ta Zariya.

To, wannan ma manufar gwamnati ce, da kuɗin jama'a aka yi ta, kuma ta ci nasara a kan abin da ta nufa. Amma iyakarta gidan gurza. A raba gashi da angurya, domin gashin kamar sulusin nauyin auduga ne kawai, babu amfanin biyan kuɗin jirgi a kan saura. A matse, a ɗaure, a tura Ikko. Kaɗi da saƙa da rini, inda riba da ƙwarewa su ke, aka bar wa Lankasha.

Gwamnatin Jihar Arewa ta shiga sana'a

A 1949 aka kafa hukumomin cinikin auduga da gyaɗa, a 1954 kuma aka haɗa na Arewa suka zama hukuma ɗaya ta Jihar Arewa. Yadda su ke aiki shi ne, kafin kaka hukuma ta yanke kuɗin da za a biya manomi, 'yan kasuwa masu lasin su saya a fuloti a madadinta, ita kaɗai ke da ikon sayarwa a ƙasashen waje. An ce za a tara rarar shekarar tsada don a tallafi manomi a shekarar araha. A aikace rarar ta taru da yawa, ta zama taskar da gwamnati ke ɗiba don ayyukan raya ƙasa.

Daga wannan taska aka sami jarin masaƙar farko. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa hukumar ciniki da hukumar raya Jihar Arewa, wadda daga baya ta zama NNDC, da wani kamfanin Lankasha mai suna David Whitehead, suka kafa Kaduna Textiles. Ta fara aiki a 1957, tana saƙa akoko da audugar Arewa. Gwamnatin tsakiya ta taimaka da dokokin rangwamen haraji ga sababbin masana'antu, na 1952 da 1958, bayan samun mulkin kai kuma ta ƙara kuɗin fito a kan yadin waje. Da kamfanonin ƙetare suka ga ƙofar shigo da kaya tana ƙuntata, sai suka zo suka kafa injunansu a ciki. Nortex ta buɗe a 1962, kamfanin UNTL na mutanen Hongkong ya kafu a 1964, Arewa Textiles ta mutanen Japan ta biyo baya, a tsakiyar shekarun 1960 kuma aka kafa Zamfara Textiles a Gusau. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967.

Kada a raina wannan aiki. Cikin shekara ashirin saƙa ta zama sana'ar inji da ta fi kowace ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Samarin da iyayensu ba su taɓa ganin inji ba suka koyi tsayuwa a kansa dare da rana, unguwar Kakuri ta Kaduna ta cika ta batse. Sai dai mai karatu ya riƙe abu guda: jarin nan guminsa na manomi ne. Kowane buhun gyaɗa da kowace ƙunshin auduga da aka auna a Zurmi ko Ƙaura a kan kuɗin da bai kai na kasuwar duniya ba, sun ba da gudummawarsu. Masaƙun kuwa suka tafi inda lantarki da ruwa da mahaɗar jirgi da ofisoshin gwamnati su ke. Wadda ta fi kusa da wannan yanki ita ce ta Gusau.

Matakai uku na ƙwarewa

Ƙwarewa a aikin inji hawa uku ce. Hawa na farko, ka mallaki inji ka iya tuƙa shi. Na biyu, ka iya kwance shi ka gyara, ka ƙera abin da ya lalace a jikinsa. Na uku, ka iya ƙera irinsa, ka kuma gyara fasalinsa ya fi na wanda ya sayar maka. Kuɗi suna sayen hawa na farko a rana ɗaya. Sauran biyun ba a sayar da su, sai an koya, kuma mai inji ba ya koya maka su sai ya ga tilas ko ya ga riba.

Harshe yana ba da shaida a kan inda al'umma ta tsaya. Mun ga kowane ɓangare na masaƙar gargajiya yana da sunansa na Hausa. Dubi kuma mota da babur da injin niƙa da injin ban ruwa. Sunayen sassansu aro ne, amma sun narke a bakin Bahaushe sun bi ƙa'idar furucinsa: birki, giya, fistin, kafireto, salansa, sufana. Dalili shi ne waɗannan injuna sun faɗa hannun talakawa, makanikai suka kwance su a bakin hanya, suka koya wa yaransu da Hausa. Yaron gareji a Ƙaura ko Shinkafi zai lissafa maka cikin inji tun daga sama har ƙasa. Amma injin kaɗi da injin saƙa na masana'anta, sassansu ba su sami sunayen da suka fito ƙofar ma'aikata suka shiga gari ba. Abin da ya fito shi ne sunayen kaya da na aiki, kamar atamfa da yadi da lebura da albashi. Watau jama'a sun san masaƙa a matsayin masu sayen kayanta da masu yi mata ƙwadago. Sanin cikinta ya tsaya ga 'yan ƙalilan, sassanta kuwa daga Ingila da Japan da Suwizalan a ke odarsu.

Dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, na 1972 da 1977, sun sauya masu hannun jari da masu zama a kujerun shugabanci. Ba su tilasta wa kowa ya koyar da ƙira ba. Gwamnatin Tarayya ta gane cewa ba a ƙera inji sai da ƙarfe, shi ya sa ta ba Rashawa kwangilar Ajakuta a 1979, ta kafa ma'aikatar mulmula ƙarfe a Katsina da ta ƙera kayan aikin inji a Oshogbo. Amma Ajakuta ba ta kai ga narka ƙarfe daga dutse yadda aka tsara ba, saboda haka sauran suka zauna jiran abin da za a shigo da shi.

Yadda ginin ya rushe

Dalili na farko ya faro ne daga gona. Manomin da aka daɗe ana biyansa ƙasa da ƙimar kayansa ba shi da abin da zai ajiye don ranar wuya. Farin 1973 ya zo, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta bi baya, dalar gyaɗa ta ɓace. A lokacin nan kuɗin man fetur sun cika birane, abinci ya yi tsada, lada ta hau. Manomin Zurmi ya yi lissafi ya ga gero da dawa da wake sun fi auduga biya, sai ya koma kansu. Zuwa farkon shekarun 1980 masaƙun da aka kafa don su ci audugar gida sun koma sayo auduga daga waje.

Na biyu, kariyar ba ta da sharaɗi. An hana yadin waje shigowa, amma ba a ce wa mai masaƙa cikin shekara kaza sai ka rage tsadar kayanka, ko ka sayar da kaza a ƙasashen waje, ko ka ƙera kaza daga cikin kayan gyaranka a nan ba. Wanda kasuwa ta ke hannunsa ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, me zai sa ya wahalar da kansa?

Na uku, dogara ga kuɗin ƙasashen waje. Muddin naira tana da ƙarfi, kamar a 1980 sa'ad da ta fi dala daraja, sayo kayan gyara da sinadarin rini ya fi ƙera su sauƙi. Da kuɗin mai ya faɗi bayan 1981, lasin shigo da kaya ya yi wuya, injuna suka riƙa tsayawa saboda rashin ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba.

Na huɗu, sauke goyon da aka yi farat ɗaya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga mai hedkwata a Funtuwa. Manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, wannan kuwa alheri ne. Amma hukumar da aka rushe ita ce mai raba tataccen iri, ita ce mai ba auduga lamba, ba a kuwa sa kowa a gurbinta ba. Iri ya gauraye, aka riƙa zuba auduga a buhunan leda waɗanda zarensu ke ɓata rini, darajarta ta zube. Masaƙu sun ɗan farfaɗo da sayar da atamfa ga maƙwabta, har zuwa Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi, wannan kasuwa ma ta ƙuntata.

Na biyar, wuta da sumoga. Masaƙa tana bukatar lantarki ba yankewa da baƙin mai na tukunyar tururi. Da suka yi wuya, kowace masaƙa ta koma ba kanta wuta da tsada. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, aka mai da shi bayan 'yan shekaru, aka kuma sake ɗagewa. Ko a lokacin hanin ma, yadin Sin yana sauka a Kwatano, ya hau zuwa Maraɗi, ya tsallako ta kan iyaka, iyakar da Zurmi da Shinkafi ke zaune a bakinta. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, ta Gusau ma ta tsaya a cikin waɗannan shekaru.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Kada a ɗauka daga wannan labari cewa shigar gwamnati cikin sana'a ita ce kuskure. Da wuya a nuna ƙasar da ta zo a makare ta kuma ɗaukaka ba da hannun gwamnatinta ba. A 1872 gwamnatin Japan ta gina ma'aikatar zaren siliki a Tomiyoka, ta ɗauko gwani daga Faransa, ta tara 'yan mata daga larduna su koya su koma garuruwansu su koyar. Da aikin ya kafu ta sayar da ita ga 'yan kasuwa a 1893. Wani ɗan masassaƙi, Sakichi Toyoda, ya yi ta gyara masaƙar hannu har ya ƙera injin saƙa mai sarrafa kansa a 1924. A 1929, shekarar da jirgi ya iso Ƙauran Namoda don ya kwashi auduga zuwa Lankasha, wani babban kamfanin ƙera injuna na Lankasha ɗin, Platt Brothers, ya sayi izinin ƙera injin Toyoda. Daga wannan gida kamfanin mota na Toyota ya fito a 1937.

Koriya ta Kudu ta fara shirinta na raya ƙasa na shekara biyar a 1962, shekarar da Nijeriya ta fara nata na farko. Ita ma da saƙa da ɗinki ta fara, ita ma ta ba da kariya da rance mai sauƙi. Bambancin shi ne, gwamnati ta riƙe bankuna, ta ɗaura rance a kan yawan abin da kamfani ya sayar a ƙasashen waje. Kowane wata shugaban ƙasa ya kan zauna da ministoci da masu masana'antu a duba lissafi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, wanda ya gaza a janye. Kasuwar waje kuwa alƙali ce da ba ta karɓar toshiya, in kayanka ba su yi kyau da araha ba, ba mai saye. Ta kafa cibiyar binciken fasaha a 1966, ma'aikatar ƙarfenta ta Pohang ta fara aiki a 1973. Kafin duk wannan kuma ta raba wa manoma filaye, har suka sami abin sayen kayan masana'anta da abin sa 'ya'yansu a makaranta.

Bangaladash ba ta noma audugar kirki, amma a yau tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayar da ɗinkakkun tufafi a duniya. A 1979 wani kamfaninta mai suna Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya su koyi aiki a wurin Daewoo. Bayan 'yan shekaru mafi yawansu suka fita suka kafa nasu, ko suka shugabanci na waɗansu, gwamnati kuma ta sauƙaƙa musu shigo da yadi ba fito muddin za a ɗinka a fitar. Ilmin ya tsallake katangar ma'aikata ya bazu cikin gari.

Abin da ya rage a yi

An yi yunƙurin farfaɗo da saƙa. Gwamnatin Tarayya ta ware rancen naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu wajen 2010. A 2018 aka amince da sabon irin auduga mai jure tsutsa, wanda aka gwada tare da cibiyar Samaru. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje daga taskarsa, a 2023 aka janye hanin. Rance ya biya bashi ya sayi sababbin injuna, amma bai kawo wuta ba, bai rufe iyaka ba, bai kuma mai da manomi gona ba. Ga shi tun wajen 2011 ta'addancin 'yan bindiga ya addabi Zamfara, Zurmi da Shinkafi suna cikin waɗanda suka fi shan wuya, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Ba a ce rufe masaƙu ne ya haifi wannan fitina ba, dalilanta suna da yawa. Amma ƙasar da samarinta ba su da abin yi ta fi saurin kamuwa. Zinariyar Zamfara ma hanyar auduga ta bi, a haƙa a fitar da ita ɗanya, abin da ya rage wa Anka da Bukkuyum a 2010 shi ne gubar dalma da ta kashe yara ɗaruruwa.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idodi huɗu. Ta farko, a fara daga manomi: ya iya zuwa gonarsa lafiya, ya sami tataccen iri, a biya shi ƙimar kayansa. Masana'antar da aka gina da cutar mai kawo mata ɗanyen kaya tana sare reshen da ta ke zaune a kai. Ta biyu, duk taimakon da gwamnati za ta ba mai masana'anta ya zo da sharaɗi rubutacce da ajali, a kuma sami ma'aikatan da za su iya janye shi ko daga hannun wa. Ta uku, manufa ta daɗe ba ta sauya ba, domin ba mai kafa injin da zai yi shekara ashirin a kan dokar da ba ta kai shekara uku.

Ta huɗu, a gina a kan ƙwarewar da ta riga ta kama ƙasa. Makanikai da masu walda da maƙera na Ƙaura da Zurmi da Shinkafi sun riga sun taka hawa na biyu a kan ƙananan injuna. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙauran Namoda tun 1983. In aka haɗa malamanta da waɗannan masu sana'a a kan injin ɓarar gyaɗa da na matsar mai da na sussuka da na ban ruwa, gwamnati kuma ta zama mai sayen farko, hawa na uku ba zai yi nisa ba.

A nan masu nazarin Hausa su ke da nasu rabon aikin. Hukumar NORLA ta buga littattafan koyon sana'a da Hausa a Zariya tsakanin 1954 da 1959, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 kuma ta tattara kalmomin aro ta daidaita rubutunsu. Wannan aiki bai ci gaba yadda ya kamata ba. Ana bukatar a shiga gareji da maƙera a rubuta kalmomin da masu aiki su ke amfani da su, a daidaita su, a cike giɓin da ya rage, sa'an nan a rubuta littattafan awo da zane da lissafin inji da su. Yaron da ya iya kwance inji da hannunsa, in ya sami littafin da ya bayyana masa dalilin kowane sashe cikin harshen da ya ke tunani da shi, shi ne zai fara tambayar yadda za a ƙera wanda ya fi shi.